Ɗakin da Aka Gina a Gamanar Inna

Lakol ɗin farko na ƙauyenmu, wato makarantar boko, ɗaki ɗaya ne na ƙasa, kuma a kan gonar mahaifiyata aka gina shi. Ƙauyen namu yana can wajen Gangara, kusa da iyaka, kuma yawancin mutanensa kakanninsu daga ƙasar Katsina suka hauro. Mutane ne masu son a ce suna da al'ada. Duk abin da za su yi maka sai sun nemo masa al'adar da za ta zaunar da shi daram, yadda in ka buɗe baki ka yi ƙorafi, kai ne za ka koma marar kunya.

Ban wuce shekara bakwai ko takwas ba lokacin da kwamanda, nasaran da ke mulkin yankinmu daga Tasawa, ya aiko a fitar da fili a gina lakol. Mahaifina bai daɗe da rasuwa ba. Gandun gida ya koma hannun yayansa, wanda nake ce wa Baffa, mu kuma abin da ya rage mana shi ne gamanar Inna, wato 'yar gonar da miji kan yankar wa matarsa ta noma abin kanta. Gamanar ba ta da girma, amma tana bayan gari daf da gidaje, kuma nan Fulani suka saba saukar da shanu da rani tun kafin a haife ni. Ƙasarta baƙa ce, mai laushi. Gyaɗa Inna take shukawa a ciki, ta matse mai, ta soya ƙuli-ƙuli ta kai kasuwar Gangara. Da wannan muke ci, da shi muke sutura.

Mai gari ya duba gabas ya duba yamma, duk filin da idonsa ya sauka a kai akwai namiji mai baki tsaye a bayansa. Sai ya tuna da matar mamaci. Ya sa aka kira Inna zaure a gaban dattawa, Baffa yana cikinsu yana ta wasa da carbi, murna fal cikinsa tunda ba gandu aka taɓa ba. Mai gari ya ce mata aro ne, ba ƙwace ba. Ya kuma zayyana mata al'adar aron fili don gini, wadda kowa ya sani: muddin ginin yana tsaye da rufinsa, mai fili ba shi da ta cewa, ranar da rufi ya taɓa ƙasa kuwa, fili ya koma hannun mai shi. Sharaɗi ɗaya ne, ginin ya faɗi da kansa. In mai fili ko wani nasa ya sa hannu wajen faɗuwar, to ya yi asarar filin har abada.

Sai ya sassauta murya ya ce, "Ki kwantar da hankalinki. Abin nasara ne, damina biyu ba ya kaiwa."

Inna ta ce to.

Ginin aikin dole ne, kowace unguwa ta ba da maza, kuma sun yi shi da baƙin rai yadda ake yin aikin dole. Tubalin bai gama bushewa ba suka jera shi. Ciyawar da ake kwaɓawa da ƙasa don ta kama, ɗan abin da suka sa bai taka kara ya karya ba. Azarar rufi kuwa suka tsinto wadda gara ta riga ta ɗanɗana. Da suka gama, wasu dattawa suka riƙa biyowa ta ƙofar gidanmu suna raɗa wa Inna cewa ai don ita suka yi haka, sun gina shi ne don ya faɗi da wuri. Lalacinsu ne suka naɗe suka kawo mata a matsayin alheri, har suna tsayawa jiran godiya.

Da aka zo ɗaukar yara, sai yaran gari suka ɓace. Wasu an cusa su cikin rumbu, wasu an tura su ƙetaren iyaka wai gaida kaka, kakar da ba wanda ya tuna da ita tun bara. Da dogarai suka zagaya, waɗanda suka tarar su ne marayu, da 'ya'yan barori, da wani yaro mai jan ƙafa, sai ni. Mai gari da kansa ɗan baransa ya miƙa a madadin ɗansa. Ta haka Inna ta ba lakol fili, ta kuma ba shi ɗiya, ba tare da an nemi shawararta a ko ɗaya ba.

Malamin da aka turo mana wani siririn mutum ne daga yamma, can bakin kogi, wanda Hausarsa ba ta wuce ta sayen gishiri ba. Ba gidan da ya yarda ya sauke shi. Sai ya kafa zana a kusurwar ɗakin karatun, ya shimfiɗa tabarmarsa a bayanta, nan yake kwana, nan yake ajiye tukunyarsa. Wannan shi ne abin da masu hikimar garinmu ba su hango ba: mutumin da ke kwana ƙarƙashin rufi ba zai zuba ido rufin ya faɗo masa ba. Kowace bazara, kafin ruwa ya sauka, sai ya dakatar da karatu ya sa mu yaɓe. Manyan yara su tafi kududdufin gari, can ƙetaren unguwar maƙera, nesa ƙwarai, su ɗebo jar ƙasa a kwanduna. Mu 'yan mata mu ɗebo ruwa. A kwaɓa, a shafe bango, a hau sama a toshe tsaga, a gyara indararo.

Haka na girma ina shafa ƙasa da hannuna a bangon da mahaifiyata take jira ya faɗi. In na dawo gida da laka har gwiwar hannu, ita ce take zuba mini ruwa in wanke. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Sai dai ta tambaye ni ya bangon gabas, ya azara, tana yi a hankali kamar mai tambayar jikin marar lafiya. In na ce da ƙarfinsu, sai ta ce to, ta ci gaba da abin da take yi.

A madadin gamanar, Baffa ya ara mata wata jigawa can cikin daji, yashi zalla, wadda shi kansa ya gaji da ita. Sai ta yi sallar asuba ta kama hanya, ba ta isa sai rana ta ɗaga. Gyaɗar da take samu a can ƙanana ce, rabinta fanko. Dole ta koma sayen gyaɗar wasu kafin ta matse mai. Tun a shekarun nan gwiwoyinta suka fara ciwo, kuma duk sanda za ta wuce ta bayan gari, sai ta kau da kai daga ɗakin.

Ɗakin kansa ba wani abin kallo ba ne. Ƙofa ɗaya, 'yan tagogi biyu da kan yaro ba ya shiga, da allon katako da aka shafa wa baƙin fenti. Dakali muke zama a kai, manya a baya, ƙanana a gaba, malam yana koya wa waɗannan baƙaƙe yana juyawa ya koya wa waɗancan lissafi. Da zafi kuwa warin jikinmu da na jemage da na miyar malam duk su haɗu. Na ƙi jinin wurin, na kuma koyi karatu a cikinsa, duka biyun gaskiya ne. Mutanen gari su kuma sun mai da inuwarsa turken jakai, bayansa kuma wurin tsugunno. In muka fito, manya da gemunsu su riƙa nuna mu da baki suna cewa ga 'ya'yan nasara nan. Akwai matan da suka hana 'ya'yansu cin tuwo kwano ɗaya da ni.

Sai mulkin kai ya zo. Aka sauke tuta aka ɗaga wata, aka yi kiɗa, aka yanka sa. Ba a daɗe ba gwamnati ta gina sabon lakol a bakin hanya, na siminti da rufin kwano, aka kwashe yara aka kai can, malaminmu kuma aka mai da shi ƙasarsu. A lokacin ne mutane suka lura cewa nasara sun tafi sun bar kujeru, kuma waɗanda suka iya karatun nasara ne suke hawa. Waɗanda suka cusa 'ya'yansu a rumbu suka fara rige-rigen kai su sabon lakol, ko kunya babu.

Tsohon ɗaki ya zama ba mai shi. Bazarar farko ta wuce ba wanda ya taɓa shi, damina ta zo ta yi aikinta. Yaɓen ya fara zubowa ɓangare-ɓangare, tsaga ta buɗe a bangon gabas har ana hango haske ta ciki, rufin ya lotsa a tsakiya. Inna ta daina kau da kai. Da yamma sai ta ɗauki buta kamar za ta zagaya, ta je ta tsaya daga nesa tana kallo, ba ta matsawa kusa don kada wani ya ce ya ga hannunta. Mata suna yi mata barka a rijiya, suna cewa an kusa. Ni lokacin na gama karatu ina zaune gida, ina jiran a kira ni aikin koyarwa a Gazawa. Ban taɓa ganin Inna da sakin fuska irin na wannan shekarar ba. Har ta fara shawara da ni inda za ta sa gyaɗa da inda za ta sa kuɓewa.

Abin da ya ɓata mana lissafi tambaya ce guda ɗaya. Ɗan baran nan da mai gari ya miƙa a madadin ɗansa, wanda yake zama a bayana a aji, ya yi gaba da karatu, kuma da nasara suka tafi ya zama babba a wani buro, wato ofishin gwamnati, a Yamai. Wata rana ya biyo ta kasuwar Gazawa a mota, ya haɗu da wani ɗan garinmu, suka gaisa. Cikin hira ya tambaya ko ɗakin nan nasu yana nan. Shi ke nan abin da ya faɗa. Kafin maganar ta iso ƙauye ta zama ya ce yana kewar ɗakin. Kafin ta kwana ta zama ya ce zai zo ya gani. Kafin Juma'a ta zama umarnin gwamnati.

Wanda ya fi kowa ɗaukar abin da zafi shi ne shugaban komite na jam'iyya a garinmu. Dillalin gyaɗa ne, mai tura jakai ƙetaren iyaka ko ya karɓo daga can, duk ɓangaren da ya fi riba. 'Ya'yansa maza duka a ƙetare suka yi zaman gaida kaka lokacin da ake ɗaukar yara. Shi ne ya tara mutane a ƙofar mai gari ya koya musu sabuwar kalma. Ya ce ɗakin nan tarihi ne. Ya ce daga nan hasken ƙasa ya fito, kuma garin da ya bar tarihinsa ya rushe gwamnati za ta san da shi. Dattawan da suka gina shi da ɗanyen tubali suka riƙa gyaɗa kai. Wanda ya fi kowa ɗaure jaki a inuwarsa har da cewa shi dama tun farko ya san abin nan zai yi albarka.

Aka sa ranar gayya. Aka kira makaɗa, aka dama fura. Maza suka taru da sassafe da magirbi da kwanduna, sai aka zo maganar inda za a ɗebo ƙasa. Bazara ce, rana tana dukan ƙeya, kududdufin gari kuma yana can ƙetaren unguwar maƙera. Hanyar da mu yara muka yi shekaru muna bi da kwando a ka, ƙartai suka dube ta suka ga ta yi musu nisa. Shugaban komite ya buga ƙafa a ƙasa ya ce mene ne na wahala, ga ƙasar lakol nan a gindin lakol. Suka kafa magirbi a tsakiyar gamanar Inna. Da suka ga baƙar ƙasar nan har yabonta suke yi, wai ta zo da takinta, ba sai an nemo kashin shanu an zuba ba. Da suka ƙare baƙar suka tarar da ja a ƙarƙashi, suka ce ai wannan ma ta fi.

Na tafi wurin mai gari da gudu, ko mayafin kirki ban tsaya ɗauka ba. Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, gonar Inna ce suke haƙa."

Ya dube ni yadda ake duban akuyar da ta shigo zaure. Ya ce, "Aro ne ko ba aro ba?"

Na ce aro ne.

Ya ce, "Rufi ya taɓa ƙasa?"

Na ce bai taɓa ba.

"To wanga fili na lakol ne har yau. Al'ada rufi ta ambata, ba ta ce komi ba bisa haƙa. Tashi ki tahi, ɗiyata."

Abin da ya fi ƙona mini rai ranar shi ne ruwa. An ce kowace mace ta kawo tulu, na ce wa Inna kada ta kuskura ta je. Ta ɗaura ɗankwali ta ɗauki tulunta. Ta ce in ba ta je ba za a ce tana yi wa ginin mugun baki, kuma duk ranar da ya faɗi za a ce da hannunta a ciki. Gara kowa ya gan ta tana zuba masa ruwa. Na tsaya ina kallonta tana juye tulu a kan ƙasar gonarta, ƙartai suna tattakawa, makaɗa suna yi musu kirari. Ta koma rijiya ta sake ɗebowa har aka tashi.

Babban ya zo kuwa, bayan an shafe ɗakin da farar ƙasa. Mutanen da ba su taɓa kiransa da sunansa ba sai ɗan bara suka zube suna gaisuwa. Ya leƙa ciki, bai shiga ba, ya yi dariya ya ce warin nan yana nan. Ya ce madalla, a riƙe shi da kyau, irin maganar da baƙo kan yi in an nuna masa jariri ko sabon rumbu. Da ya gan ni ya gane ni, ya gaishe ni da Faransanci. Ni kuma na amsa masa da Faransanci, na gaya masa a gaban kowa filin wa ne wannan, na nuna masa ramin. Ya juya ya dubi ramin, ya ce lalle za a duba. Daga nan shugaban komite ya ja hannunsa zuwa inda ake gasa rago. Ban sake jin ɗuriyar maganar ba. Abin da na samu kawai shi ne aka ce 'yar lakol ta kai ƙarar gari da harshen nasara, kuma shekara mai zuwa da aka zo yaɓe, ramin da suka haƙa ya fi na farko faɗi.

Daga nan abin ya zama na kowace shekara. Na fara aiki a Gazawa, ina zuwa gida ranar kasuwa ko lokacin hutu, kuma duk zuwan da na yi sai na tarar ɗakin ya ƙara ƙiba, gonar ta ƙara zurfi. Ba gyara suke yi ba, lafta ƙasa suke yi a kan ƙasa. Ba wanda ya taɓa tunanin sauya azara ko duba tubalin ciki, tunda wannan ba ya ganuwa daga hanya. Aka sa wa ƙofar kwaɗo don kada yara su ɓata tarihi, mabuɗin yana aljihun shugaban komite. Da kaka, in ka bi ta wurin, ta 'yar tagar nan za ka hango buhunan gyaɗarsa jere har rufi suna jiran jakai. Ba yaron da ya sake karanta ko baƙi ɗaya a ciki, ba baƙon da ya sake zuwa kallo. Amma duk ranar bikin mulkin kai sai a taru a ƙofarsa, tsofaffi su miƙe ɗaya bayan ɗaya suna ba da labarin yadda suka ɗauki tubali da farin ciki, suka kai 'ya'yansu da hannunsu. Ina tsaye a wurin, waɗanda suka ƙi cin tuwo da ni suna tafi.

Rami kuma in ya samu, kowa ya san amfaninsa. Mai gina rumbu ya zo ya ɗiba, mai yi wa amarya ɗaki ya zo ya ɗiba, duk da sunan ai ƙasar lakol ce, ta gari. Da damina ruwa ya taru a ciki, yara suna wanka, kwaɗi suna hana mutane barci. Aka fara kiransa kududdufin lakol. Baffa kansa da ƙasar wurin ya ɗaga katangarsa.

Inna ba ta daina zuwa jigawa ba, sai dai yanzu da sanda take tafiya, tana hutawa a hanya. Na roƙe ta ta dawo wurina Gazawa ta huta, ta ƙi. Ta ce in ta bar gari za a ce ta bar filin. Kuma duk shekara tana kai tulunta ranar yaɓe. Ta daina yi mini maganar gyaɗa da kuɓewa, amma na san ba ta cire rai ba, domin har lokacin in na zo sai ta tambaye ni ko na bi ta bayan gari, ya na ga rufin.

Ɗakin ya faɗi da rana tsaka, cikin tsakiyar damina, ina gida hutu. An kwana biyu ana ruwa, kududdufin ya cika ya tumbatsa har yana lasar gindin bangon gabas. Ɗanyen tubalin nan na farko ya jiƙe, ga nauyin yaɓen shekaru a kansa, ga rufin da aka yi ta lafta wa ƙasa a kan ruɓaɓɓiyar azara. Muka ji rugugi daga cikin gida. Ba kowa a ciki, ko buhu ɗaya babu, domin shugaban komite ya kwashe kayansa tun kafin ruwan farko. Shi da yake shiga ya san halin da tarihin yake ciki.

Inna tana jigawa lokacin, kuma Allah ya sa akwai mata biyu tare da ita. Duk da haka sai da dattawa suka zagaya kangon suna sunkuyawa, suna neman sawun magirbi ko alamar an tona gindin bango. Suka tambayi maƙwabta ko an gan ni a wurin. Da ba su samu komai ba, mai gari ya aiko cewa rufi ya taɓa ƙasa, fili ya zama na mai shi, amma a dakata a share mata wurin tukuna, don ba a mayar da aro da datti.

Na yi zaton mutunci ne. Ina ganin tulin ƙasar nan na ce a raina ko ba komai za mu tura ta cikin ramin, tunda daga can ta fito, baƙar ma tana ciki. Washegarin da ruwa ya ɗauke sai ga jakai da mangala. Ƙasar tsohon bango taki ce, kowane manomi ya san haka, balle wadda aka kwaɓa da ƙasar makwantar shanu. Azarar da ta rage aka kai gidan mai gari, ƙofa da kwaɗonta shugaban komite ya ɗauka, ƙasar kuma aka raba wa duk wanda ya taɓa zuwa gayya, kowa ya kai gonarsa. Na sake komawa zaure. Wannan karon mai gari bai ma bari na gama ba. Ya ce fili na Inna ne, gini na gari ne, haka al'ada take tun kakanni, kuma ƙasar da ta hau bango ta zama gini. Na ce ita ma ta kawo ruwa duk shekara, a ba ta rabonta. Aka yi dariya, aka ce ruwa ai ya bushe.

Sai bayan kaka, da ruwan kududdufin ya janye, aka sa ranar mayar da aro. Mai gari ya zo da babbar riga, dattawa suna biye, da liman, da Baffa, da shugaban komite. Ya riƙe sanda ya bi iyakar filin a hankali, daga kusurwa zuwa kusurwa, yana nuna wa shaidu cewa ko taƙi ɗaya bai ragu ba. Gaskiya ya faɗa, faɗin filin yana nan yadda mahaifina ya yanka shi. Abin da ke cikin iyakar shi ne ɗan dandamalin da ɗakin ya zauna a kai, an kankare shi tas, sai rami wanda in namiji ya shiga ba a ganin hularsa.

Inna ta miƙa mini sandarta. Ta zauna a bakin ramin ta zame a hankali har ƙasa, ba wanda ya hana ta, ba wanda ya taimaka mata. Ta taka busasshiyar lakar nan da ta tsattsage, ta sunkuya ta tona da yatsa. Ƙarƙashin ɓawon lakar marmara ce, jan dutse. Ta matsa gaba ta sake tonawa, ta koma wancan gefen ta sake. Duk wanda ke tsaye a wurin manomi ne, kowa ya san ko ƙaya ba za ta yi kirki a nan ba, balle gyaɗa. Suka riƙa kallon sama, wani yana gyara hula.

Da ta gama ta kasa hawowa. Na kwanta a bakin ramin na miƙa mata hannu na jawo ta, sai na ji ba ta da nauyi ko kaɗan, kuma a nan ne hawaye suka zo mini, na baƙin ciki da na haushi. Ita ba ta yi kuka ba. Ta karkaɗe zanenta, ta goge yatsunta, ta je gaban mai gari ta durƙusa a kan gwiwoyin nan masu ciwo, domin al'ada ta ce wanda aka mayar wa aro shi ke godiya.

Ta ce, "Ranka shi daɗe, na gode."

Mai gari ya gyara rigarsa, ya dubi shaidu, ya ce ba komai, ai haƙƙinta ne.